Audugar Ranar Lahadi

Ni ce nake wanke rigar filon Isaiah, saboda haka duk wanda zai ba da labarin kunnensa a unguwarmu Bagadaza sai dai ya biyo bayana. Sunana Lois. Isaiah mijin yayata Dokas ne, kuma a gidansu na zauna tun da maigidana ya rasu. Dokas tana tuyar ƙosai a bakin titi, ni kuwa wanki da shara suka faɗo hannuna. Abin da hancina ya sha a gidan nan, ko maƙiyina ba na yi masa fatansa.

Daga wani ƙauye can bayan Kaltungo Isaiah ya zo Gombe, a shekarar da aka sauke tutar Turawa, lokacin ko jirgin ƙasa bai iso garin ba. Dogo ne, siriri, mai tsaftar tsiya, irin mutanen da ke goge wando ko da kasuwa za su. Ya samu aiki a gidan gurzar auduga, inda inji ke raba auduga da angurya. Wanda bai taɓa shiga wurin ba ba zai gane ba. Na kai masa abinci sau ɗaya, na fito kaina yana amsawa har yamma. Don haka ma'aikatan suna da dabararsu: kowa ya tsinko auduga, ya dangwala man gyaɗa, ya murza, ya cusa a kunne. In an tashi, a sa tsinken ashana a zaƙulo. Sauran mutane a bakin kunne suke barin tasu, amma Isaiah sai ya danna ta can ciki da ɗan yatsa, yana cewa kunnensa ba na kamfani ba ne, na Ubangiji ne, ba zai bar inji ya ci ba. Ba wanda ya taɓa tsayawa ya duba ko abin da ya fito ya kai wanda ya shiga.

Abin da yake nufi da na Ubangiji shi ne waƙa. Cocinmu a lokacin ginin ƙasa ne da rufin kwano, babu abin kiɗan Turawa da ake kira ogan, babu komai sai ganga ɗaya da kacau-kacau na mata. A irin wannan coci dole a sami mai ɗauko waƙa, wanda zai tsaya a gaban mawaƙa ya fara shi kaɗai, daidai inda muryar kowa za ta kai, sannan jama'a su karɓa. In ya ɗauko sama da yawa, mata su yi ta ƙiƙi kamar ana shaƙe su. In ya yi ƙasa, maza su yi ta gurnani. Isaiah bai taɓa kuskure ba. Ni da ba na yabon mutum a banza, na sha zubar da hawaye a bencin baya saboda muryarsa. Kuma yana da wata ɗabi'a tun yana saurayi: da zarar ya buɗe baki sai ya rufe ido, ba zai buɗe ba sai an ce amin. A wurin aiki lebura ne kamar kowa. Tsayuwar nan ta ranar Lahadi ita ce duk abin da ya mallaka, kuma ya san haka.

Wajen shekarar canjin hannu, da motoci suka koma dama, abin ya fara. Sai Dokas ta kira shi daga madafa, shiru. Sai a yi sallama a ƙofar gida yana zaune a tsakar gida bai motsa ba. Da muka matsa masa, ya ce yana jin magana kamar an kifa masa tulu a ka. Abin da ya fi tayar masa da hankali kuwa, in yana tauna abinci yana jin wani abu na motsi a ciki, ƙwas-ƙwas, ƙwas-ƙwas. A wurin aikinsu akwai wani jan ƙwaro da ke cika tsibin angurya, in ka murƙushe shi warinsa ba ya barin hannu. Isaiah ya yanke hukunci shi kaɗai cewa ɗaya ya shige masa, ya yi ƙwai, ya ƙyanƙyashe, 'ya'yan sun ƙetara ɗaya kunnen. Mutumin da ba ya cin tuwo in ƙuda ya sauka a kai, yanzu ga shi yana yawo da gidan ƙwari a ka. Ya daina cin gyaɗa, ya daina cin masara gasasshiya, don kada ya ji su suna motsi.

Ya tara mu, ni da Dokas, ya sa muka yi alkawari maganar ba za ta fita ba. Asibiti kuwa ya ce ko sunanta kada a ambata, domin rabin masu sharar wurin 'yan cocinmu ne, kafin ya dawo gida labari ya riga shi. In dattawa suka ji kunnensa ya toshe za su karɓe waƙar su ba wani. Ya koyi kallon baki, ya koyi gyaɗa kai da murmushi, yana ganin ya rufe kowa.

Daga nan aka shiga ɗura. Ruwan albasa, ruwan taba, manja mai ɗumi, har kananzir, wai don ƙwarin su ji wuya su fito. Dokas ce mai ɗurawa, ni ce mai riƙe kai. Da aka ga ba su fito ba, aka kira Bappayo wanzami, tunda shi Musulmi ne, ba ruwansa da cocinmu. Ba zan ce Bappayo macuci ba ne, iyakar saninsa ya yi. Ya zaro gashin kaza daga zabirarsa, wanda Allah kaɗai ya san kunne nawa ya shiga kafin namu, ya zura yana juyawa har Isaiah na hawaye. Sannan ya ɗora ƙaho a kan kunnen ya zuƙa da bakinsa, ya juya ya tofar a gindin bango, ya sa tsinke yana tona tofin yana neman ƙafar ƙwaro. Ni da na ga haka na bar musu wurin, ranar ko ruwa da ƙyar ya wuce mini. Bappayo ya ce ƙwaron ya yi nisa, sai an yi ta maimaitawa, aka kuwa yi ta maimaitawa.

Bayan haka ne kunnen ya fara zuba. Da safe in na cire rigar filo sai in tarar da tabo ruwan ƙasa-ƙasa, ya bushe ya yi tauri, gefensa kuma rawaya. Warin kamar daddawar da aka manta a tukunya damina guda. Sabulu ba ya fitar da shi, toka ba ta fitar da shi, sai na tafasa. Na ware wa kayansa roba daban, na ware igiya daban, duk da haka ƙudaje sun san inda ake shanya su. Shi kansa ƙudaje na binsa a hanya, yana kora da hankici yana yi kamar zafi ne ya dame shi. Ina tausayinsa, ina kuma ƙyamarsa, ba zan ɓoye ba. In ya sunkuyo zai yi mini magana sai in riƙe numfashi. Kuma kullum da safe sai ya ƙara cusa sabuwar auduga a kan wannan ƙazantar ya tafi aiki.

Ranar Lahadi kuwa waƙa na tafiya lafiya lau. Daga bencin baya inda nake zama, bayan Isaiah kawai nake gani da hannunsa yana kaɗawa, jama'a na karɓa daidai. Har nakan ce a raina ikon Allah ke nan, kunne ya tafi amma waƙa ba ta tafi ba. Shi ma abin da yake faɗa ke nan, cewa waƙar a ƙirjinsa take.

Sai shekarar Udoji ta zo, da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, kowa ya ji daɗi, cocinmu ma ta tashi da ginin bulo da tagogin gilashi. Aka sa ranar buɗewa, aka ce baƙi za su zo daga Bauchi da Jos. Isaiah ya ɗinka sabuwar riga. Kullum da yamma yana bayan ɗaki yana gwada waƙar da zai ɗauko, kuma a nan, da ba jama'ar da za ta rufe shi, na fara jin yadda muryar ke yawo, ta hau ta sauka ba bisa hanya ba. Wata safiya na cire rigar filon na ga har da jini a ciki. Haƙurina ya ƙare. Na ɗauko ta da tsinke na ajiye a gabansa yana shan koko, na ɗaga murya yadda zai ji.

"Yaya, na gama wanke wannan. Ko ka bi ni asibiti, ko in kai wa fasto ita a haka."

Ya dube ni kamar zai mare ni, bai taɓa yi mini irin wannan kallo ba. Amma ya san ni, ya san zan aikata. Washegari muka tafi da sassafe, ya ja hula har ta rufe kunnuwan.

Nas ɗin da muka samu, Sista Margaret, ba 'yar cocinmu ba ce, wannan ya ɗan kwantar masa da hankali. Ta haska kunnen da tocila, ta ja da baya ta gyara tsayuwa, ta tambayi aikinsa. Da na faɗa mata sai ta girgiza kai kawai. Ta ba mu maganin ɗigawa da na sha, ta hana auduga, ta ce mu dawo ranar Asabar, wato ana gobe buɗe coci.

Ranar Asabar ta ba ni tasa ta ce in tara a ƙarƙashin kunnen. Ta sa wani ɗan siririn ƙarfe mai kama da hantsaki ta fara ja a hankali. Isaiah ya damƙe kujera, ya rufe ido, yana jiran ya ga ƙwari sun watso. Abin da ya fito baƙi ne wuluk, dogo kamar ƙwallon dabino, yana naso. Warin da ya biyo shi ya sa wata mata da ke jiran layi ta tashi ta fita. Na kau da kai, amma ban saki tasar ba. Sista ta koma ɗaya kunnen ta ciro ɗan'uwansa, sannan ta tsaga su a cikin tasar ta ce ya buɗe ido ya gani. Auduga ce. Auduga kan auduga, shekara kan shekara, ta sha man gyaɗa da manja da ruwan taba da mugunya ta dunƙule, gashin kazar Bappayo ya daɗa kirɓa ta ciki. A tsakiyar ɗaya har da ɓawon angurya, shi ne mai yin ƙwas-ƙwas ɗin. Ko ƙafar ƙwaro babu.

Sista ta jefa ƙarfen a tasa, ya yi ƙara, Isaiah ya zabura kamar an harba bindiga. Sai ya fara dariya, hawaye na zuba. Ta yi masa magana a hankali, ƙasa-ƙasa, ta ce in ya sake sa auduga a kunnen nan kada ya dawo mata. Ya ce ya ji. Ya sake cewa ya ji, don daɗin faɗar.

A hanya ya zama kamar baƙo a garin. Ƙararrawar keke ta sa ya yi tsalle gefe. Ya tsaya yana sauraron mai tallar nono. Ya ce mini ashe haka nake jan silifas, in ɗaga ƙafa don Allah. Muna isowa Bagadaza da la'asar ya ce ba gida za mu ba, coci za mu, ana koyon waƙa na ƙarshe. Ya roƙe ni kada in ce komai. A ganinsa ba wanda ya san ya taɓa kurumcewa, to me za a faɗa? So yake kawai ya ji muryoyin yaransa, haka yake kiran mawaƙan, don ya daɗe bai ji su da kyau ba. Na bi shi na zauna a bakin ƙofa.

Muna shiga, Hilda, wadda ke jan muryar mata, ta washe baki ta ɗaga murya ta yi masa sannu da zuwa, har da ɗan rusunawa. Murmushin bai bar fuskarta ba ta juya ga ta kusa da ita, ta ce da muryarta ta kullum, "Ruɓaɓɓen kunne ya iso, ku buɗe taga."

Aka yi 'yar dariya. Ba dariyar mamaki ba ce, dariyar abin da aka saba ce. Malam George, malamin firamare da ke tsaye a ƙarshen layi na biyu, wanda Isaiah ya koya wa waƙa tun yana gajeren wando, ya ce a yi shiru. Na ɗauka tsawata musu zai yi. Sai ya ce, yana kallon Isaiah ido cikin ido yana gyaɗa masa kai cikin ladabi, "Gobe akwai baƙi, kada wanda ya bi shi ko da kuskure. Ku bar shi ya yi ta kaɗa hannunsa, ni za ku duba kamar kullum. Hilda, ki ja shi kusa da taga, kada warin ya kai wa manyan baƙi."

Na ga wuyan Isaiah ya ƙage. Na yunƙura zan tashi, ya ɗan ɗaga mini yatsa ta baya, na koma na zauna. Ya taka ya tsaya a wurinsa, ya ɗaga hannu, ya rufe ido, ya ɗauko waƙar. Ta fito tsaf, daidai inda ya kamata, irin ta da can. Ya kai ƙarshen layin farko inda jama'a ke karɓa, ba wanda ya karɓa. Ba ma wanda ya lura cewa daidai ya yi, domin sun daɗe da daina sauraronsa. A karo na farko tun da na san shi, Isaiah ya buɗe ido a tsakiyar waƙa. Ya ga idanu duka sun wuce shi suna kan George, shi kuma George ya ɗaga littafi yana ƙirga da kai. Da George ya sauke littafin, suka ɗauka tare a wata murya daban, suka bi ta kan Isaiah suka wuce.

Na ga ƙazanta ranar nan a cikin tasa, amma ita na iya riƙewa. Wannan ce ta fi ƙarfina. Mutum talatin ko fiye, masu wanka da turare, sun yi shekaru suna rusuna wa dattijo suna zaginsa a fuskarsa, sun kuma sa wa abin suna ladabi. Da ɗaya daga cikinsu ya ja shi gefe tun farko ya ce Baba, kunnenka ya samu matsala, da tuni an ciro audugar nan tun ba ta ruɓe ba.

Isaiah ya tsaya har aka gama waƙar, hannunsa a ƙasa. Ya ce musu sai gobe, suka amsa da ihu kamar yadda suka saba, muka fito.

A gida Dokas na jiƙa wake. Ya tsaya a kanta ya tambaye ta, a hankali, ko ta san George ne ke ɗauko waƙa. Ta ɗaga murya za ta amsa, ya ce ba sai ta yi ihu ba, yana ji. Ta saki ƙwaryar. Ta ce kowa ya sani, fasto ya sani, dattawa sun sani, tun shekarar canjin hannu aka shirya haka, ita ma matan zumunta ne suka faɗa mata.

"Baban Jesse," in ji ta, da sunan ɗansu take kiransa, "cewa muka yi kada ranka ya ɓaci."

"Ashe ni kaɗai nake ɓoyewa," in ji shi. Ya shiga ɗaki.

Washegari ya sa sabuwar rigarsa, ya goge takalmi. Amma da muka shiga sabon ginin bai nufi gaba ba, ya zo ya zauna kusa da ni a bencin baya. Kafin a fara sujada na ga ya sa hannu a aljihu ya ciro auduga fara tas, ya raba biyu, ya murza, ya toshe kunnuwansa. Na kama hannunsa na tuna masa abin da Sista ta ce. Ya zame hannun. George ya ɗauko waƙar a fili, gaban kowa, baƙi suka yaba. Isaiah na zaune idonsa a buɗe, bakinsa a rufe.

Kafin a tashi labarin cewa kunnensa ya buɗe tun jiya ya zaga, domin Dokas ta kasa riƙewa. Hilda ta sulale ta ƙofar gefe. George kuwa ya zo har inda muke, ya durƙusa, fuskarsa kamar an watsa masa ruwan zafi, ya ce Baba ya yafe musu, wurinsa na nan in yana so. Isaiah ya yi masa irin murmushin da suka yi ta yi masa, ya nuna audugar da yatsa, ya ɗaga murya yadda duk cocin za ta ji.

"Malam, ba na ji."

Ya ci gaba da aiki a gidan gurza har ƙarfinsa ya ƙare, kuma bai sake sa auduga a can ba ko sau ɗaya. Abokan aikinsa sun yi ta yi masa faɗa cewa injin zai cinye kunnen, a hankali kuwa ya ci rabinsa. Na taɓa tambayarsa wace irin wauta ce wannan, ya bar kunne a buɗe inda ake toshewa, ya toshe inda ake buɗewa. Ya ce ƙarar inji yana iya jurewa.

Rigar filonsa ta koma fes, na haɗa kayansa da na kowa a roba ɗaya. Bai taɓa fashin coci ba har ya rasu, bai kuma sake yin waƙa ba, ko a bayan ɗaki. Duk ranar Litinin in zan jiƙa rigarsa ta Lahadi sai na fara laluba aljihu, in ciro 'yan dunƙulen auduga biyu, farare, ba tabo ko kaɗan. Su ne na fi ƙyamar taɓawa.